Shekarar da Na Toshe Bututun Gidanmu

Amira, ke da 'ya'yan Yaya Sani nake rubuta wa wannan. Yanzu ko karatu ba ki iya ba, wayar ma in kin samu sai dai ki kai baki, amma na san dangina. Kafin ki yi wayo sosai wata gwaggo za ta ja ki gefe a gidan biki ta ce miki ai uwarki ce ta kai ubanta kotu. Ban kai shi kotu ba. Ko hanyar kotun ba mu bi ba. Amma na yi wani abu, kuma ba zan ɓoye muku ba, gara ku ji daga bakina. A waya nake bugawa, in mun fita aiki na samu inuwa, don haka in kun ga na yi sauri a wani wuri ku yi haƙuri, haka nake magana ma.

Gidanmu na Bukan Sidi kun san shi, shi ne na farko a saman layi. Layin gangara ne, yana sauka yana sauka har ya ƙare a wani kwari mai 'yan gidaje. Da Baba ya yi ritaya sai ya zuba ɗakunan haya a bayan gida, kowane ɗaki da bayinsa a ciki, ɗalibai da ma'aikata suka cika su. Mutane suka ƙaru, sokawe kuma tana nan guda ɗaya, wato ramin nan da ake ginawa da bulo a rufe da siminti, duk abin da aka kora daga bayi can yake taruwa. Ka'ida, in ta cika ka kira motar kwasa ta zo ta zuƙe. A layinmu ba mai kiran mota. Birkilan da ya gina kusan duk sokawen layin yana da dabararsa: sai ya bar wani bututu daga cikin ramin, ya bi ƙarƙashin katanga ya fito cikin kwata, a toshe bakinsa da guntun katako naɗe da tsumma. Duk ranar da aka tsuge da ruwa mai ƙarfi, kwata ta cika tana gudu, sai a fito a zare toshiyar, ruwan sama ya kwashe komai ya gangara da shi. Sunan abin a layinmu sallamar baƙi. Za ka ji maƙwabci yana tambayar maƙwabci, Alhaji an sallami baƙi kuwa, ana dariya. Kuma abin da tsarinsa. Gidan sama ne yake fara buɗewa, wato mu, sai na biye, sai na biye. In ruwan ya riga ya canza launi daga sama, ba wanda zai nuna gidan wani ya ce kai ne. Kowa na ɓoye a bayan na gabansa, mu kuma ba kowa a gabanmu sai girman Baba.

Haka na tashi na gani. Da na je makarantar koyon aikin lafiya na gane illar abin, na yi wa Baba magana, ya ce to, maganar ta mutu a nan. Bayan na gama aka ɗauke ni aikin duba-gari a ƙaramar hukuma. Ranar da na fara sa yunifom, Baba sai da ya sa na tsaya a zaure ya kira abokan hirarsa su gan ni. Sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi, Hajara, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Ku ga Uwata ta zama gwamnati, haka ya yi ta faɗa. Aikin kuma na so shi. Gida gida muke bi, mu duba sokawe ko ta tsage, ko murfinta na buɗuwa, ko akwai bututun fitar da iska, ko ta yi kusa da rijiya. Wanda tasa ta cika mu ce ya kira mota, mu ba shi wa'adi, mu dawo mu gani. In ya ƙi, sai magana ta tafi kotu. Unguwanni nake bi ina wa mutane faɗa a kan ramukansu, da yamma in dawo in tsallake bakin bututun gidanmu in shiga in ci tuwo.

Da daminar shekarar ta yi nisa, wata safiya ina ofis sai ga Maman Terna. 'Yar Tibi ce, doya take sayarwa a kasuwa, gidanta ne na ƙarshe a kwarin layinmu. Tun ina yarinya in Mama ta aike ni wajenta sai ta gasa min doya ta zuba manja. Ta shigo da robar ruwa a hannu, ba ta san ni za ta tarar a teburin ba. Ta tsaya ta kalle ni sama da ƙasa.

"Hajo? Kai ne a nan? To Allah ya yi aikin shi."

Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta dangwara robar a gabana. Ruwan ciki kamar an wanke tukunyar miya.

"Sha," ta ce.

"Mama, wannan ruwan ai..."

"Sha mana, yarinya na. Ba baƙo a ciki. Na baban ka yana ciki, na liman yana ciki, na mai chemist yana ciki. Duk manyan mutane ne. Ni dai rijiya na ne ya tara su."

Abokan aikina suka fara dariya, sai ta juya ta kalle su, dariyar ta tsaya.

"Jikoki na suna asibiti. Amai da zawo, ana sa musu ruwa. Ƙaramin ko ido ba ya buɗewa. Duk ruwa da aka yi, kwata yana cika yana shiga gida na, yana shiga rijiya. Na yi magana, na yi magana, sun ce ruwan Allah ne. Wane Allah ne yake aiko irin wannan?"

Ogana, Oga Danladi, mutum ne mai sanyi. Bayan ta tafi ya kira ni ciki ya ce ya san layinmu ne, zai tura wasu, ni in bi masu zuwa Adogi. Na so in ce to, wallahi na so. Amma na san abin da zai faru, don an taɓa turawa a baya. Kafin duba-gari su shigo layin labari ya riga su. A ɗora dutse a bakin wannan bututun, a jingina tsohuwar taya a wancan, wani ma ciyawa ce aka bari ta rufe shi da gangan. Baƙo zai zagaya ya ga komai tsaf, a ba shi ruwan sanyi, ya tafi. Ni kuwa a layin na yi wasan ɓuya, ba bakin bututun da ban sani ba.

"Hajara, ki yi tunani fa," in ji Oga. "Aikin gwamnati ba ya ba mutum wani uba. In na sa sunanki, gidan babanki ma sai an ba shi wa'adi kamar kowa. In wa'adi ya cika bai gyara ba, ya fita daga hannuna, ya fita daga naki."

Na ce na sani. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in fara yi wa Baba magana a gida kafin mu shiga layin a hukumance.

Bayan la'asar na same shi a tsakar gida yana jin rediyo, Mama na tsince shinkafa a gefe, Yaya Sani ya shigo cin abinci. Na durƙusa na faɗi komai, har da robar ruwan da yaran da ke asibiti. Baba ya rage rediyon ya saurare ni har ƙarshe. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Da ya ji zancen yaran sai da ya yi salati, ya ce Mama ta dafa abinci a kai asibiti. Amma bai ga haɗin abin da bututunmu ba.

"Uwata, ruwa mai yawa mai gudu ba ya ɗaukar najasa. Wannan tun muna makarantar allo muka sani. Mu ba a rani muke buɗewa ba, sai ruwa ya yi ƙarfi. Kafin ya kai ƙasa ya wanke kansa."

"Baba, ba ya wanke kansa. A gidan Maman Terna yake tsayawa."

"To wa ya ce ta gina a kwari?"

Na ce a kira mota kawai ta kwashe, a toshe bututun da siminti, shi ke nan. Sai Yaya Sani ya ajiye cokali. A nan ne matsalar take, kuma na san da ita. Shekarun baya Baba ya ga saman sokawen fili ne yana zaune banza a bakin titi, sai ya gina wa Yaya shago a kai. Aka shimfiɗa tayil mai kyau, aka rufe murfin ramin gaba ɗaya. A shagon Yaya yake sayar da kayan waya yana caji, da shi yake ciyar da ku, ku 'ya'yansa. Mota ba ta da ta inda za ta zura tiyo sai an fasa tsakiyar shagon.

"Wato shagona kike so a fasa," in ji Yaya. "Don kin sa kaki. Ke da har yanzu a shagon kike cajin wayarki kyauta."

"Yaya, a kan masai kake zaune kullum. Ranar da simintin ya gaji fa?"

"Ya gaji ɗin. Ke kika gina?"

Baba ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya ce in je in yi aikina a layin, ba zai hana ni ba, amma in fara da gidajen ƙasa, namu a bar shi sai rani ya duba yadda za a yi. Na san ranin nan. Rani na zuwa ba mai buɗe bututu, magana ta kwanta, damina ta dawo a ci gaba. Na ce Baba ka yi haƙuri, da namu zan fara. Ya kalle ni ya ƙara muryar rediyo. Mama ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa, ni da Oga muka yi bayani. Baba bai zo ba. Na tsaya a gaban mutanen da suka halarci sunana ina lissafa musu inda bututun kowa yake, wannan bayan taya, wancan ƙarƙashin bencin mai shayi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka hau faɗa. Mai chemist ya ce yarinyar da ya yi wa allura tana ihu ita ce yau take masa wa'azi. Wani ya kawo zancen ruwa mai gudu, aka juya ga Liman. Liman ya daɗe yana jan carbi, don shi ma nasa bututun na ambata.

"Gaskiya," ya ce, "wancan hukunci na tsarkin ruwa ne, ba izinin zuba wa maƙwabci ƙazanta ba ne. Yarinyar nan tana da gaskiya. Sai dai tunda ruwa daga sama yake gangarowa, gyaran ma a faro shi daga sama."

Wurin ya ɗauki dariya. Kowa ya gane. Sama gidan Alhaji ne, kuma ba wanda ya yarda 'yar Alhaji za ta iya. Aka watse a kan haka, duk sun amince za su toshe, bayan gidanmu.

Muka raba takardun wa'adi gida gida. Tamu ni na kai. Baba bai karɓa ba, sai a kan tabarmarsa na ajiye. Na samo wani birkila na kawo shi da safe, Baba ya ce duk wanda ya taɓa masa katanga zai gamu da shi, birkila ya kwashe kayansa. Na tura ƙanin Baba ya roƙe shi, ya dawo ya ce min in bar maganar nan. Wa'adi na ta ƙaratowa. In ya cika, sunan Baba zai shiga jerin masu zuwa kotu, abin da nake gudu ke nan. A gida ana gaisawa sama sama. Ruwa kuma ya ɗan ɗauke kwanakin nan, sokawenmu ta cika taf, ɗaliban haya sun fara ƙorafin bayinsu ba ya tafiya. Kowa a layin sama yake kallo.

Ran wata Asabar bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Ba ranar aiki ba ce, ina ɗaki. Na ji iska ta fara kaɗa kwano, na ji Baba yana ce wa Yaya ya nemo ƙarfen, wato rodin da ake zare toshiyar da shi. Ban zauna na yi wani dogon tunani ba. Na sa yunifom ɗina, na zura takalmin roba, na fita. Kafin in kai ƙofa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na sauka cikin kwatar, daidai bakin bututunmu, na tsaya. Ruwa ya kai min ƙwauri, yana jan ƙafata. Na ɗora tafin takalmina a kan katakon na danne. Da na ɗaga kai na kalli gangaren layin, ga su nan, kowace ƙofa da mutum riƙe da lema, kowa da ƙarfensa a hannu, suna jiran ruwa ya canza launi daga sama.

Yaya ya fito da gudu da buhu a ka. Ya gan ni ya ja birki.

"Ke mahaukaciya ce? Fito daga nan!"

"Ba zan fito ba."

"Wallahi zan buɗe a kanki."

"Buɗe. Ga ni nan."

Ya juya ya shiga, sai ga shi da Baba. Baba ya tsaya a bakin zaure, ruwa na dukan gefen rigarsa. Ya kalle ni, ya kalli layin, ya ga duk idon da ke kanmu.

"Fito daga kwatar nan."

"Baba, ka yafe min. Ba zan fito ba sai ruwan nan ya ɗauke."

"Ni kike faɗa wa haka? A gaban mutane?"

Haƙorana na haɗuwa don sanyi, ina tsoron in na buɗe baki kuka ne zai fito.

"Sani," ya ce, "buɗe."

Yaya ya matso da ƙarfen har bakin kwatar. Sai muka ji muryar Mama daga cikin zaure. Mama da ba ta sa baki a maganar nan ba tun farko, Mama da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Baba ba.

"Sani, in ka zare abin nan a kan ƙanwarka, kada ka sake ce min Mama. Alhaji, ni na kai abinci asibitin nan. Ni na ga yaron. Kai ba ka gan shi ba."

Yaya ya tsaya da ƙarfe a hannu, ruwa na zuba a kansa, bai san wa zai bi ba. Baba ya juyo ya kalle ni. Da ya yi magana, murya a ƙasa ya yi ta, amma na ji kowace kalma.

"Malama, in kin gama aikinki, ki bar min ƙofar gida."

Ya shige. Malama. Haka ya ce.

Na tsaya a kwatar har ruwan ya tsagaita wajen la'asar. Ina kallo lemomin nan suna komawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yarda ya zama na farko, don ruwan da ke gangarowa fari ne, duk wanda ya buɗe za a ga daga ƙofarsa baƙin ya fara. Ranar ba a sallami baƙi a layinmu ba.

Kada ku ɗauka daɗi ya biyo baya. Abin da bai fita ta kwata ba sai da ya nemi wata hanya. Kafin magariba sokawen ta tumbatsa, ta dawo ta bayin 'yan haya, ta malalo tsakar gida har kusa da inda Baba yake shimfiɗa tabarmarsa. Wari ya hana kowa cin abinci. Ɗalibai biyu suka kwashe kayansu washegari, ɗaya tana tafiya tana cewa ita ba ta zo Lafia don ta yi iyo a wannan ba. Ni da Mama da matar Yaya muka yi ta kwasa da bokiti muna zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, matar Yaya ba ta ko kallona. Baba bai fito ba sai masallaci. Ran Litinin da kansa ya aika aka kira birkila. Aka fitar da kayan shago, aka fasa tayil ɗin nan mai kyau, aka nemo murfin. Da aka ɗaga shi birkila ya nuna wa Yaya rodin da ke riƙe da simintin, duk ya ci tsatsa, Yaya ya kau da kai. Mota ta zo ta zuƙe. Aka cusa siminti a bututun ciki da waje, ina tsaye da yunifom har ya bushe. Shagon kuma bai koma ba, don ba a yarda a sake rufe murfin ba. Yaya ya koma wata 'yar kwantena a bakin babban titi, kwastomominsa da yawa ba su bi shi ba, ya sha wuya sosai a shekarar. Ku 'ya'yansa, in kun ji ana cewa Anti Hajo ce ta rushe shagon babanku, wannan ɓangaren gaskiya ne.

Sauran layin suka bi, wasu da zagi, wasu shiru. Liman ne ya fara. Akwai gidajen da suka toshe da rana suka sake fasawa daga baya, su ne suka je kotu, daga nan labarin kotu ya samo asali har aka liƙa wa Baba. Rijiyar Maman Terna muka sa aka yashe ta, aka zuba magani, aka ɗaga bakinta, muka hana shan ruwan sai da aka tabbatar. Jikokinta sun warke, har ƙaramin. Na je duba rijiyar ina tsammanin za ta rungume ni. Ta kalle ni ta ce, "Kai ka yi latti, amma ka zo," ta miƙo min doya ɗaya, ƙarama ma.

A gida kuwa zama ya gagara. Ba wanda ya kore ni. Amma in na durƙusa da safe na ce Baba ina kwana, sai ya ci gaba da jan carbinsa kamar iska ce ta wuce. In na dafa abinci ya ce ya ƙoshi. Mama ta ce in ɗan ba shi wuri, sai na koma Shabu wajen ƙanwarta, kullum in hau mashin in shigo gari aiki. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, duk Juma'a ba ya amsawa, ban fasa ba. Sallah ta zo ta wuce haka. Da maganar aurena da babanki ta taso, Amira, Baba bai hana ba, ya yi duk abin da uba yake yi, bai rage komai ba. Amma ranar da za a kai ni, aka shigar da ni wajensa in yi sallama, na durƙusa ina kuka ina jiran nasihar da yake yi wa kowace 'ya, sai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kamar fasinja a tasha. Wannan ya fi ruwan kwatar nan sanyi. Na sha tambayar kaina ko da wata hanyar da ba ta gaban mutane ba. Wataƙila akwai, ni dai ban same ta ba kafin hadarin ya haɗu. Kuma in aka mayar da ni ranar, cikin kwatar zan sake sauka. Har yau bai ce na yi daidai ba, kuma tun ranar bai sake ce min Uwata ba. Na daina jira.

Damina ta sake zagayowa, ina da cikinki, ya tsufa, ina zaune a ofis ina fama da zafi. Masu kawo ƙorafi na jere a benci a waje, ana shigo da su ɗaya ɗaya. Na ce na gaba ya shigo, ban ɗaga kai ba. Sai na ga takalmin da na sani. Baba ne, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ashe tun safe yake kan bencin nan yana bin layi, bai gaya wa kowa ko shi wane ne ba. Na yunƙura zan durƙusa, ya ce in zauna, shi ma ya ja kujera ya zauna a gaban teburina.

"Ƙara na kawo," ya ce. "An gina sabon bene sama da gidana, inda filin nan yake. Jiya da aka yi ruwa, abin da ya bi ta ƙofata ba ruwan sama ba ne kaɗai. Na bi kwatar da kaina, na ga bakin bututun. Sun jingina masa allon talla."

"Baba, ai da ka kira ni a waya."

"Ba wajen 'yata na zo ba. Wajen duba-gari na zo. Za a rubuta ko ba za a rubuta ba?"

Na jawo biro. Na tambaye shi suna da unguwa kamar yadda ake tambayar kowa, ya faɗa min tiryan tiryan kamar ban sani ba. Na ce gobe da safe za mu zo. Ya ce kada a yi latti, sama na haɗa hadari. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Ita kuma 'yar tawa, in kin gan ta, ki ce mata ta daina hawa mashin da wannan cikin. Gida na nan kusa da ofis, ɗakinta ba a ba kowa haya ba."